An Rushe Majalisar Jami'a, To Wa Ya Yi Laifin?

A majalisarmu ta bayan sallar isha'i a Fezzan, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar maina, akwai wani dattijo mai sana'ar wankin hula wanda ba ya cika sa baki a hirar siyasa. Ran nan sai ga shi ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali kamar mai buɗe laya, ya miƙo mini. Takardar biyan kuɗin rajistar 'yarsa ce, wadda ke karatu a wata jami'ar tarayya. Ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, wannan kuɗin wa ke zama ya yanke shi? In mutum yana da magana, ƙofar wa zai buga?" Kafin in buɗe baki mutum uku sun riga ni: shugaban jami'a ne. Wani ya ce a'a, daga Abuja ake aiko da shi. Babu wanda ya ambaci mutanen da a zahiri sai da sa hannunsu irin wannan kuɗi ke tabbata, wato majalisar gudanarwar jami'a.

Ban ga laifinsu ba. Ka tare ɗalibi goma a Titin Bama, a bakin ƙofar Jami'ar Maiduguri, ka tambaye su sunan shugaban majalisar gudanarwar makarantarsu, da wuya biyu su faɗa maka. Alhali wannan majalisa ita ce mai gida. Ita ke riƙe da dukiyar jami'a da filayenta, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, manyan kwangiloli sai sun bi ta gabanta, ita ke ɗaukar manyan ma'aikata da korarsu, kuma ita ke naɗa shugaban jami'ar da kowa ke ɗora wa laifi. Uban jami'a, wanda galibi sarki ne mai sanda, aikinsa na ranar bikin yaye ɗalibai ne: ya sa alkyabba, ya raba digiri, ya koma fada. Mai ainihin iko shi ne shugaban majalisa, wanda ke zuwa 'yan lokuta a shekara, ya sauka a masaukin baƙi, a yi zama a rufe ƙofa, a raba alawus ɗin zama, ya hau jirgi ya tafi.

Dokar da ke bayani a kan wannan ita ce ta jami'o'in tarayya ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2003, gyaran da malamai ke kira dokar cin gashin kan jami'o'i. A tsarinta, majalisa ta ƙunshi shugabanta, da shugaban jami'a da mataimakansa, da wakilin Ma'aikatar Ilimi, da mutum huɗu da gwamnati ke naɗowa daga waje, da huɗu daga majalisar malamai, biyu daga taron ma'aikata masu digiri, ɗaya daga tsofaffin ɗalibai. Wa'adinsu shekara huɗu. Shugaban ƙasa, wanda doka ke kira Mai Ziyara, ba shi da hurumin rushe su sai an same su da rashin iya aiki da cin hanci, kuma in ya rushe sai ya kafa wata nan take. Shugaban jami'a kuwa, majalisa ce ke naɗa shi na shekara biyar babu tazarce, ta sanar da Mai Ziyara. In za a cire shi, ita ce za ta cire shi, bayan kwamitin haɗin gwiwa da majalisar malamai ya saurare shi. A takarda abin gwanin sha'awa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke yi idan wannan majalisa ta ɓata rawarta da tsalle. Magani ɗaya muka sani: a rushe. Wata rana da yamma mai magana da yawun shugaban ƙasa ya fitar da sanarwa, gidajen rediyo su karanta, a ce an rushe majalisar jami'a kaza, an naɗa wane riƙon ƙwarya. Shi ke nan. Wanda ya ci da wanda ya hana ci, wanda ya tsara maguɗin da wanda ya miƙe a zauren ya ce bai yarda ba, duk tsintsiya ɗaya ke share su. Mai laifi ya tsira da sunansa domin ya ɓuya a cikin taro, marar laifi kuma ya koma gida da tabon da ba shi da inda zai kai ƙara a wanke shi.

A duba abin da ya faru a Jami'ar Legas a 2020. A watan Agusta majalisar da Wale Babalakin ke jagoranta ta yi zama a Abuja, ta ce ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, bisa zargin almubazzaranci da kuɗin makaranta. Malamai suka ce ba su san zancen ba. Gwamnati ta ce su biyun su ja gefe, ta kafa kwamitin ziyara na musamman ƙarƙashin Farfesa Tukur Sa'ad. Babalakin ya ajiye muƙaminsa a watan Satumba. A Nuwamba aka mayar da Ogundipe kujerarsa bisa dalilin cewa ba a bi ƙa'ida wajen cire shi ba, aka rushe majalisar, ya ci gaba da aikinsa har wa'adinsa ya cika a 2022. To, zargin kuɗin fa? In gaskiya ne, akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya. In ƙage ne, akwai wanda ya kamata ya amsa laifin ɓata sunan mutum da jefa jami'a cikin ruɗani na wata uku. Mai bin labarin ta rediyo ya ji hukuncin da aka yanke kan hanyar da aka bi, kan kuɗin kuwa shiru kake ji.

Sai Awka. A ranar 20 ga Nuwamba 2024 Shugaba Tinubu ya rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da Ambasada Greg Mbadiwe ke shugabanta, ya cire sabon shugaban jami'ar, Bernard Odoh, da magatakardar makarantar. Fadar shugaban ƙasa ta ce majalisar ta naɗa wanda bai cancanta ba, kuma ba ta bi doka ba. Odoh ya ƙi amincewa da hakan. A rana guda aka cire shugaban majalisar Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Otukpo saboda ya dakatar da shugaban jami'ar ba bisa ƙa'ida ba. Ba a yi wata uku ba sai ga na Jami'ar Abuja, wanda ya fi taɓa mu 'yan Arewa. Majalisar da Saddiq Ismaila Kaita, wani babban jami'in sojan sama mai ritaya, ke jagoranta ta naɗa Farfesa Aisha Sani Maikudi a ranar ƙarshe ta 2024. Wasu farfesoshin jami'ar suka yi ta ƙorafin cewa an sassauta sharuɗɗa domin a share mata hanya, magoya bayanta suka ce hassada ce kawai da ƙyashin ganin mace mai ƙarancin shekaru a kujerar. Ranar 6 ga Fabrairu 2025, kimanin mako biyar da naɗinta, aka cire ta, aka rushe majalisar. Sanarwar ba ta zayyana laifin kowa ba.

Na tuna yadda muka yi ta cacar baki a kan wannan a majalisarmu, kusan mako guda. Wasu na cewa an zalunci 'yar Katsina, wasu na cewa ai dama an yi son kai. Abin dariya, abin takaici, babu ɗayanmu da ya ga ko shafi ɗaya na takardar zaman da aka yi naɗin, ko makin da kowane ɗan takara ya samu a ganawar tantancewa. Kowa ya zaɓi ɓangare ne gwargwadon garinsu da addininsa da abin da ya gani a Facebook. Inda babu bayani dole jita-jita ta yi sarauta, kuma a ƙasar nan jita-jita da ƙabilanci 'yan uwa ɗaya ne.

Wani zai ce ai gara da shugaban ƙasa ke sa baki, in ba haka ba da 'yan majalisa sun mayar da jami'o'i gonar gado. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai mai dokar barci shi ma ya ɓige da gyangyaɗi. A watan Yuni 2023, makonni kaɗan da rantsar da shi, Tinubu ya rushe hukumomin gudanarwar ma'aikatun tarayya, guguwar ta haɗa da majalisun jami'o'i baki ɗaya. Ba a ce an same su da cin hanci ba, ba a ce sun kasa aiki ba, da yawansu wa'adinsu bai cika ba. Kalmar "nan take" da ke cikin doka ta zama shekara guda cur: ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ta kumfar baki, aka fitar da jerin sunaye a Mayu 2024, aka yi caa a kansa saboda rashin daidaito tsakanin jihohi, aka janye, aka sake, sai a Yuli 2024 aka rantsar da sababbi. A tsawon wannan shekara, duk abin da doka ta ce majalisa ce za ta yi, teburin minista ya koma. A nan Maiduguri wa'adin Farfesa Aliyu Shugaba ya ƙare a tsakiyar 2024 ana cikin wannan giɓi, babu majalisar da za ta naɗa magajinsa, sai da riƙon ƙwarya aka fara. Wa aka tuhuma kan wannan karya doka? Wanda ke naɗawa shi ke rushewa, shi ke aiko masu bincike, shi ke karɓar rahoton, shi kuma ke yanke shawarar ko a fitar da shi ko a kulle a durowa.

Wannan ɗabi'a tun zamanin soja muka gaje ta. A 1995, da rikici ya yi tsanani a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Janar Abacha bai tsaya wata-wata ba, ya tura Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya a matsayin kantoma, ya riƙe makarantar har 1998. Dokar 2003 an yi ta ne domin kada a sake irin haka. Kaki ya tafi, babbar riga ta zo, amma har yanzu hannu ɗaya ke ɗagawa ya kuma sauke.

Abin da ya sa nake ganin mu mutanen Maiduguri muna da ta cewa a wannan batu fiye da kowa shi ne wata tsohuwar shari'a da duk ɗalibin lauya a Najeriya ya haddace sunanta: Garba da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairu 1983, zamanin Farfesa Jibril Aminu yana shugaban jami'ar, ɗalibai suka yi tarzoma, aka yi ƙone-ƙone da wawushe kaya. Hukumar makaranta ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora mataimakin shugaban jami'a ya jagorance shi, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Aka kori ɗalibai. Suka ɗauki Gani Fawehinmi lauya, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Dalilanta biyu sun zama ginshiƙi: wanda abu ya shafa ba zai zauna alƙali a kansa ba, kuma zargin aikata babban laifi kotu ce ke da hurumin sauraronsa, kwamitin cikin gida ba zai maye gurbinta ba. Ba wanke tarzoma kotun ta yi ba. Cewa ta yi ko wanda ake zargi da ƙona gida yana da haƙƙin a faɗa masa laifinsa, a saurare shi, a gaban wanda ba shi da hannu a rigimar.

Shekara kusan arba'in ke nan. Ƙa'idar da aka kafa a kan 'yan makaranta har yau ba a ɗora ta a kan manyan da ke mulkin makarantun ba. Ɗalibin da aka kama da satar amsa, sunansa da lambarsa da laifinsa ake mannawa a allon sanarwa, kowa ya karanta. Ɗan majalisar da aka ce ya karya dokar ƙasa wajen naɗin shugaba, ko ya karkatar da kwangilar ginin ɗakin kwanan ɗalibai zuwa kamfanin surukinsa, sai a ce "an rushe", a bar shi ya je ya huta, bayan shekara ɗaya ko biyu ka ji sunansa a wata hukumar. In laifin na kuɗi ne, ga EFCC ga ICPC, ga dokar bayar da kwangila ta 2007. In kuma babu laifi, to me ya sa aka rushe?

Doka ta tanadi hanyar gano gaskiya, wato kwamitin ziyara, wanda ya kamata Mai Ziyara ya tura kowace jami'a duk shekara biyar ya binciki littattafan kuɗi da naɗe-naɗe da dangantakar majalisa da hukumar makaranta. An yi sakaci da shi har sai da shekara goma ta taru. A 2021 gwamnatin Buhari ta tura kwamitoci jami'o'in tarayya su duba 2011 zuwa 2015 da 2016 zuwa 2020 a tafiya ɗaya. Ka yi tunani: ana binciken kwangilar da aka bayar shekara goma da ta wuce, wanda ya sa hannu ya yi ritaya, wani ma ya riga mu gidan gaskiya, ginin kuma ya riga ya tsage. Da aka miƙa rahotannin ma sai fitar da farar takarda, wato matsayar gwamnati a kansu, ya zama abin roƙo, har ya shiga jerin buƙatun ASUU a yajin aikin wata takwas na 2022. Binciken da sai an rufe makarantu kafin a ji sakamakonsa, wane ɓarawo zai ji tsoronsa?

Yanzu bari in juyo gida, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekarun baya an naɗa wani da na sani ɗan majalisar gudanarwar wata babbar makaranta, ba a jihar nan ba. Mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, ya taimaki jam'iyya lokacin zaɓe, aka saka masa da wannan. Na je yi masa murna kwana uku da sanarwar. Na tarar da zaurensa cike, takalma har bakin titi. A gefen kujerarsa akwai kwali irin na taliyar yara, cike da ambulan masu ruwan ƙasa, kowace da takardun makarantar ɗan wani. Wannan na neman gurbin karatun likita, wancan na neman a ɗauki ƙaninsa ko da masinja ne, wani tsoho kuma ya matso ya rage murya ya ce, "Alhaji, ko ɗan aikin fenti ne a tuna da mu." Na zauna kusan awa biyu. Ban ji wanda ya tambaye shi halin da ɗakin karatun makarantar ke ciki ba, ko yara nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Ni ma da na zo tafiya sai da na ajiye tawa ambulan, ta ɗan ƙanwata. Daga baya ya ce da ni, tsakaninsa da Allah, bai taɓa karanta dokar da ta kafa makarantar ba, kuma takardun zama a mota yake duba su a hanyar zuwa.

Mutum irin wannan ba sai ya yi niyyar sata ba kafin ya yi ɓarna. Shugaban makaranta mai wayo ya san maganinsa: a ba shi gurabe goma na ɗalibai, biyu na ma'aikata, a sa shi a kwamitin kwangila, a kai shi taron ƙara wa juna sani a otal mai kyau. Daga nan bakin da ya ci ba ya tambaya. Mai sa ido ya zama abokin cin tuwo. Rigimar da muke ji a jarida sau da yawa sai rabon ya ƙi daidaita take fitowa fili. Inda aka daidaita, shekara huɗu za ta wuce lami lafiya, a yi walimar bankwana, a ce majalisa ce mai son zaman lafiya. Ni shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan hayaniyar. Kuɗin TETFund da ake gina azuzuwa da su, harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni ne, wanda gwagwarmayar malamai ta farkon shekarun 1990 ta haifar, kuma ta gaban waɗannan kwamitoci yake wucewa.

Ba a Najeriya kaɗai 'yan majalisar jami'a ke kauce hanya ba, bambancin yana ga abin da ke biyo baya. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu rikici ya tashi kan yadda manyan ma'aikata ke ta barin aiki. Majalisar ta ɗauko kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin tsohon alƙali Lex Mpati. Shugabar majalisar, Babalwa Ngonyama, ta sauka a 2023, aka kuma wallafa rahoton a ƙarshen shekarar, da sunan kowa da abin da aka same shi da shi. Wanda bai yarda ba yana da takarda a hannu da zai ƙalubalanta. Jami'ar ba ta rushe ba don an faɗi gaskiya a fili.

Abin da nake nema bai kai a sake tsarin mulki ba. Duk sanarwar rushe majalisa ta zo da rahoton da aka dogara da shi, da sunan wanda ya yi da abin da ya yi. Wanda aka samu da laifin kuɗi a miƙa shi kotu, wanda ya karya dokar naɗi a haramta masa zama a wata hukumar gwamnati na wasu shekaru, wanda ya ƙi bin sahu a bar shi a kujerarsa. Kowane ɗan majalisa ya rubuta kamfanonin da yake da hannu a ciki ranar da aka rantsar da shi. Shawarwarin da aka yanke a kowane zama, ban da abin da ya shafi sirrin ma'aikaci, a manna su a allo ɗaya da ake manna sunan mai satar amsa. Su kuma wakilan cikin gida, malamai da ma'aikata da tsofaffin ɗalibai, waɗanda in aka haɗa su da shugabannin makaranta sun fi na waje yawa, su daina fakewa da cewa 'yan siyasa ne suka ɓata; babu wata shawara da ke wucewa ba tare da hannayensu sun ɗagu ba.

Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, ta jure wa shekarun Boko Haram. A Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin rukunin gidajen malamai, ya kashe Farfesa Aliyu Mani. A Yulin shekarar aka yi wa tawagar masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe wasu, aka sace wasu ma'aikatan jami'ar, sai a Fabrairu 2018 suka dawo. Malamai da ɗalibai sun biya wannan makaranta da jininsu. Mutanen da suka yi wannan juriya, da iyaye irin mai wankin hular majalisarmu, sun cancanci su san abin da ake yankewa da sunansu a bayan ƙofa, a nan da kowace jami'a.

Don haka kirana ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da reshen ASUU, da 'yan jaridarmu na Borno: kada a jira sai rikici ya ɓarke. A rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da magatakardan jami'a, a nemi kwafin rahoton kwamitin ziyara na 2021 da farar takardarsa, da jerin kwangilolin da majalisa ta amince da su, a fassara su da Hausa da Kanuri a karanta a rediyo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa wannan dama, kuma kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa.